Tambayi Likita: 'Yata ba ta cika takwas ba, ta fara ƙirgen dangi

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ina zaune a Shara Mansur a Makka. 'Yata shekararta bakwai da rabi, tana da jiki sosai, yanzu kuma na ga ta fara ƙirgen dangi. Uwar mijina ta ce kajin gidan gona ne, ni kuma na fara al'ada ina shekara goma sha ɗaya. Gado ne ko abinci ne? Hankalina ya tashi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, amma ki kai ta wurin likitan yara cikin makonnin nan. A ƙa'idarmu, idan alamun balaga suka bayyana kafin shekara 8 ga mace, ko kafin 9 ga namiji, sai an duba.

Abin da za a fara tantancewa shi ne ko nono ne na gaske. Yarinya mai ƙiba kitse kan taru mata a ƙirji har uwa ta tsorata. Likita zai taɓa ya ji: in akwai ɗan ƙululu mai tauri a ƙarƙashin kan nonon, ƙirgen dangi ne, in ko'ina laushi ne, kitse ne. Daga nan a ɗauki hoton ƙashin hannunta na hagu a ga ko ƙashin ya riga shekarunta, wani lokaci a haɗa da gwajin jini.

Gado da ƙiba kuwa, duka biyun suna da hannu. Shekarun da uwa ta fara al'ada sukan yi kusa da na 'yarta, kuma sha ɗaya da kika ce yana cikin na wuri-wuri, ko da yake ba ciwo ba ne. Sai dai kada dangin miji su ɗora miki laifin ke kaɗai. A 2013 masu bincike sun gano wata ƙwayar gado mai suna MKRN3, wadda aikinta riƙe balaga kamar birki har lokaci ya yi. In ta samu tangarɗa yaro kan balaga da wuri, kuma ta wajen uba take bayyana. Don haka ki tambayi gwaggonninta yaushe suka fara.

Ƙibar ce na fi so mu tsaya a kai, don ita ce a hannunki. Kitse ba ajiya ba ce kawai. Yana fitar da wani sinadari, leptin, wanda aka gano a 1994, da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya tara abin da zai isa. Kitse ya yi yawa, saƙon ya isa da wuri. Kitsen kuma yana juya wasu sinadaran jiki su koma sinadarin mata. Wannan alaƙa ta fi fitowa fili ga 'ya'ya mata. Ta maza ba ta kai haka bayyana ba.

Maganar Hajiya a kan kaza, a gaishe ta, ni ba kazar ce ke damuna ba. Man da aka soya ta a ciki, da dankalin da ke rakiyarta, da gwangwanin lemon da ake korawa da shi, su ne. Gwangwani ɗaya yana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi takwas. Ba banza ba Saudiyya ta sa harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon kwalba a 2017. Ina ganin yaranmu a nan Jidda: an taso makaranta, an biya baƙala, wato kanti, an sayi asir (lemon 'ya'yan itace) da cakulan, zafi ya hana fita, sai a kwanta gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da waya har Isha'i. Yarinya ta fi shan wannan zaman, don ɗan'uwanta ko ba komai zai fita ƙwallo a lungu.

Kada ki sa ta azumin dole, kada kuma a riƙa kiranta "buhu" ana dariya. Gidan gaba ɗaya zai canja: ruwa da madara marar sukari a firij, a rage tulin shinkafar kabsa a ƙara ganye, soye-soye ya zama na ranar Juma'a. Hukumar Lafiya ta Duniya na so yaro ya yi motsa jiki na awa ɗaya kullum. Bayan Magariba ku fita tare, ko ta yi tsallen igiya a soro. A shekarunta ba rama ake nema ba, so ake nauyin ya tsaya tsawo ya cim masa.

In gwaji ya nuna balagar ta kankama, akwai allurar da ake yi duk wata ko duk wata uku mai dakatar da ita, a daina idan lokaci ya yi. Amfaninta har da tsawo, don mai balaga da wuri takan zarce sa'o'inta yanzu, sannan ƙashinta ya rufe ta tsaya gajera. In kuwa tana yawan ciwon kai, ko ganinta ya canja, ko kin ga jini, kada ki jira ko mako guda.

Al'ada kan zo kimanin shekara biyu bayan ƙirgen dangi. Ki fara yi mata bayanin haila da tsarki da bakinki tun yanzu, a hankali, ku biyu a ɗaki. Ranar zuwa asibiti ki tafi da katin rigakafinta, tunda a ciki aka rubuta awon nauyinta da tsawonta na baya.