Ga mai shirin zuwa karatu Birmingham: batun garin da aka ce ya talauce

Ƙanena, salamu alaikum. Na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a Birmingham, sai aka turo maka bidiyon shara jibge a bakin titi, aka ce maka ai garin ya talauce, har Baba ya fara cewa ko a nemi wani wuri. Ka kuma tambaya ko gaskiya ne kowa a Ingila yana biyan harajin gida, wato wanda ƙaramar hukuma ke karɓa a kan kowane gida, har da ɗalibi.

Bidiyon ba ƙarya ba ne. Masu kwashe shara na ƙungiyar ƙwadago ta Unite sun fara yajin aiki jefi-jefi a Janairun 2025, suka tsunduma gaba ɗaya a watan Maris, kuma kafin ƙarshen watan majalisar birnin da kanta ta ce shara kusan tan 17,000 ce zube a tituna. Rigimar a kan soke wani muƙami ne a cikin ayarin motar shara: ƙungiyar ta ce wasu za su rasa har fam 8,000 a shekara, majalisa ta musanta. Amma abin da ya talauce hukumar da ke tafiyar da garin ce, wato abin da za mu kira ƙaramar hukuma a gida. Jami'arka ba daga aljihunta take ci ba, asibiti na gwamnatin tsakiya ne, bizarka kuma tana hannun ma'aikatar cikin gida a Landan. Duk cikin ukun nan babu wanda ya tsaya.

Abin da ya faru shi ne, a Satumban 2023 babbar jami'ar kuɗi ta majalisar ta fitar da abin da ake kira sanarwar sashe na 114. Doka a nan ta hana ƙaramar hukuma yin kasafin da kashewa ta fi shigowa. Idan lissafi ya ƙi haɗuwa, dole a fito fili a faɗa, a dakatar da duk wani sabon kashe kuɗi sai wanda doka ta wajabta. Abu biyu ne suka kai su ƙasa. Na farko tsohon bashi ne na mata ma'aikata, masu shara a ofisoshi da masu dafa abinci a makarantu da masu kula da tsofaffi, waɗanda aka daɗe ana biyansu ƙasa da maza masu aiki daidai da matakinsu. Maganar ta kai Kotun Ƙoli tun 2012, an biya sama da fam biliyan ɗaya, sai ga wani sabon lissafi da aka ƙiyasta zai iya kaiwa fam miliyan 760. Na biyu kuwa manhajar lissafi ce ta Oracle da aka ce za ta ci fam miliyan 19, ta haura miliyan 100, kuma aka daɗe ba a iya fitar da sahihin lissafi da ita ba. Gwamnati ta turo kwamishinoni ƙarƙashin Max Caller su sa ido. Ba Birmingham kaɗai ba ce: Croydon, Slough, Woking da Nottingham duk sun sha wannan ruwan. To ka ga sauya gari ba lallai ya raba ka da matsalar ba.

Yanzu batun aljihunka. Ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biyan harajin gida, amma fa ba haka kawai za a ɗauke maka ba. Ka karɓi takardar shaidar ɗalibta daga jami'a, ka tura wa majalisa ta intanet da zarar ka kama ɗaki. In a masaukin ɗalibai na jami'a kake, babu ruwanka. In gida kuka haɗu kuka kama kuma dukkanku ɗalibai ne, gidan ya kuɓuta. In akwai mutum ɗaya mai aiki a cikinku, takarda za ta zo da sunansa da ragin kashi 25 cikin ɗari, kuma a nan ne abokai ke ɓatawa, don shi zai ce a raba, ku ku ce ba naku ba ne. Ku yi wannan maganar tun kafin a sa hannu a takardar haya. In kuwa ɗaki ɗaya ka kama a gidan da kowa ke da tasa yarjejeniyar, yawanci mai gida ne ke biya, amma ka tambaya, ka ga an rubuta.

Inda yaranmu suka fi faɗawa rami shi ne bayan an gama karatu. Ranar da kwas ɗinka ya ƙare a takardar jami'a, ranar harajin ya hau kanka, ko da ba a yi bikin yaye ku ba, ko da ba ka samu aiki ba. Wani yaro ɗan Zariya da muke salla tare ya tara ambulan guda nawa a kan firji bai buɗe ba, wai ai shi ɗalibi ne. Tsarin kuwa ba ya wasa: a tuna maka, a ba ka kwana bakwai, in ka yi shiru a soke maka biya kashi-kashi a nemi na shekara gaba ɗaya, daga nan sai sammacin kotu da ƙarin kuɗinta, daga nan sai masu karɓar bashi a ƙofar gida. Shi dai Allah ya rufa asiri, waya ɗaya ya buga aka tsara masa biya a hankali. Da ya buɗe ambulan ta farko da bai biya kuɗin kotu ba.

Nawa ne harajin? Wannan ana yanke shi ne a zaman kasafi, kuma nan nake so ka sa ido. An kasa gidaje rukuni takwas, A zuwa H, bisa darajarsu ta 1991 (e, har yau da farashin 1991 ake aiki), sannan kowace shekara kansiloli su zauna kafin 11 ga Maris su tsayar da abin da kowane rukuni zai biya. A ƙa'ida ba a ƙara kashi 5 cikin ɗari ko fiye sai an yi ƙuri'ar raba gardama. Birmingham ta samu izini na musamman, ta ƙara kashi 9.99 a 2024, ta sake ƙara 7.49 a 2025, a daidai lokacin da take neman rage kashe kusan fam miliyan 300 cikin shekara biyu. A biya da yawa, a samu kaɗan. Takardar takan iso a Maris, da kason 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana a jere a ƙasa, a biya sau goma daga Afrilu zuwa Janairu, ko sau goma sha biyu in ka nema.

Zaman kansa a buɗe yake. Kansiloli 101 ne, suna zama a babban ginin majalisa da ke dandalin Victoria, kana iya hawa benen 'yan kallo ko ka bi ta intanet. Magajin gari na zaune a sama da sarƙarsa ta zinariya a wuya, amma shi na ado ne, aikinsa ya ce wane lokacinka ya ƙare. Iko yana hannun shugaban majalisa da kansiloli suka zaɓa, yawanci shugaban jam'iyya mai rinjaye. Zai tashi ya karanta kasafi, 'yan adawa su kawo gyara, a yi ta jifan juna da magana har dare, a kaɗa ƙuri'a, gyaran ya faɗi, kasafin ya wuce yadda aka kawo shi. Gaskiya ni ban ɗauki surutun ranar da muhimmanci ba, don an riga an yanka an feɗe a kwamitoci tun watannin baya. Abin karantawa yana cikin takardun da ake wallafawa kafin zaman, can wajen jadawalin kuɗaɗe: za a rage hasken fitilun titi, za a taƙaita kwanakin buɗe laburare, an ƙara kuɗin ajiye mota, an ƙara kuɗin kabari. Wannan na ƙarshen ya taɓa Musulmi sosai, tunda mu binnewa muke yi, kuma manyan maƙabartun garin na majalisa ne. Mafi yawan kuɗin kuwa kula da tsofaffi da nakasassu da yaran da ke hannun hukuma ke cinye shi, doka ta wajabta, shi ya sa in an zo yanka sai wuƙa ta faɗa kan laburare da wuraren matasa.

Ko tsadar ɗakin da za ka kama tana da hannunsu a ciki. Tun 2020 ba a mayar da gidan iyali gidan haya ɗaki-ɗaki a Birmingham sai da izinin majalisa. In kuma ka yi sha'awar sayen tsohuwar mota mai arha, ka sani tun 2021 motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba tana biyan fam 8 duk ranar da ta shiga tsakiyar gari.

Na san yadda muka taso: ciyaman yana jiran kaso daga Abuja, gwamna ya riƙe, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a Yulin 2024. Shi ya sa namu in sun zo ba sa kallon kansila a bakin komai. A nan kuwa kansilan unguwa yana da ranar da yake zama a laburare ko zauren unguwa yana sauraren koke, kuma imel ɗinsa yana shafin majalisa. Kai ma kana da ƙuri'a a kansa. Ɗan Najeriya, ko Ghana, ko Kamaru, mai izinin zama yana iya yin rajista ya yi zaɓe a matsayinsa na ɗan ƙasar Commonwealth, har da mai bizar karatu. Abokinka na Maraɗi da ka ce ku taho tare, shi ba zai samu ba, Nijar ba ta ciki.

Shawarata ka taho. Ka gaya wa Baba karatun bai taɓu ba. Kafin ka biya kuɗin ajiya na kowane ɗaki, ka sa lambar adireshin a shafin gwamnati ka ga rukunin gidan, ka turo min hoton takardar hayar in duba maka. Ka gaida Hajiya.