Me ya sa ruwa ke sanɗa a lambatun ƙasa?

Tambaya: Malam, a Kadawa ruwa na gudu a lambatun siminti, amma da ya shigo namu na ƙasa sai ya koma sanɗa, alhali gangaren ɗaya ne. Mene ne dalili? Daga wani mai noman rani.

Amsa: Ɗan'uwa, laifin na gindin lambatun ne. Ruwa na gogar ƙasa da gefuna, kuma kaushinsu ke riƙe shi. A 1889 wani injiniya ɗan ƙasar Ayalan, Robert Manning, ya gabatar da lissafin gudun ruwa a lambatu wanda har yau injiniyoyi ke sakawa a kwamfuta. Kowane irin gindi da lambar kaushinsa, kuma iya girman lambar iya raguwar gudun ruwa: siminti wajen 0.013, ƙasa mai tsabta wajen 0.025. In zurfi da gangare ɗaya ne, ruwan siminti zai kusan ninka naka gudu. In ciyawa ta cika, irin kacallar da ta toshe hanyoyin ruwan Haɗejiya da Nguru, lambar kan kai 0.1.

Gogayyar nan ce kuma ke sa ruwa juye-juye, shi ya sa laka ko taki kan game lambatu nan da nan. Ni dai shawarata, kafin ka ƙara haƙa, fara da yashe lambatun da nome ciyawarsa.