Shin gwajin jini na eksosom zai iya gano sankarar mama?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a fannin gwaje-gwajen asibiti. Yayata ta ji ƙullutu a nononta, an yi mata sikanin, aka ce sai an ɗebi tsoka an gwada. Ita kuwa ta ƙi, don ta ji ana cewa da zarar ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya bazu. Na karanta cewa akwai furotin a cikin wani abu da ake kira eksosom da ke nuna sankarar mama daga jini kawai. Mene ne gaskiyar abin, kuma za mu iya nema mata shi a madadin ɗibar tsoka?

Amsa: Allah ya ba Yaya lafiya, ƙanwata. A'a, ba za ku iya ba. Har yanzu babu gwajin eksosom da hukumomin lafiya suka amince a tabbatar da sankarar mama da shi, a nan ko a Turai. Abin yana ɗakin bincike. Amma tunda fanninki ne, bari in yi miki bayanin inda aka kwana.

Eksosom wasu 'yan jakunkuna ne da kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki ke fitarwa. Faɗinsu tsakanin nanomita 30 zuwa 150 ne, alhali jar ƙwayar jini ɗaya ta haura nanomita 7,000, don haka madubin da kuke duba zazzaɓin cizon sauro da shi ba ya ganinsu. A cikin ƙwayar ake ƙulla su, a tara su a wata babbar jaka, jakar ta je ta manne da bangon ƙwayar ta zazzage su waje. Ana samunsu a jini da fitsari da miyau da ruwan nono. A 1983 aka fara bayyana su, a jajayen ƙwayoyin jini da ba su gama nuna ba, kuma Rose Johnstone ta jami'ar McGill a Kanada ce ta raɗa musu wannan suna a 1987. An daɗe ana ɗaukarsu shara. Sai a 2007 masu bincike a Suwidin suka nuna cewa suna ɗauke da RNA, wato sinadarin da ke ɗauke da saƙon ƙwayoyin gado, daga wata ƙwaya zuwa wata, har saƙon ya yi aiki a inda ya sauka.

Abin da ya ja hankalin masu binciken daji shi ne, jakar tana fita da kayan ƙwayar da ta haife ta. Idan ƙwayar sankara ce, furotin ɗinta na nan a jikin jakar da cikinta, kuma fatar jakar tana kare su daga sinadaran jini da ke lalata su. Da wannan wata tawaga a jami'ar Purdue ta Amurka ta yi aiki a 2017, ta ware furotin 144 masu ɗauke da fosfet (wani ɗan sinadari da ke manne wa furotin) da suka fi yawa a jinin masu sankarar mama a kan na masu lafiya. Irin waɗannan furotin, in suna yawo tsirara a jini, nan da nan ake cire musu fosfet ɗin.

Binciken da ya fi burge ni shi ne na Ayuko Hoshino da David Lyden a New York, wanda ya fito a mujallar Nature a 2015. Likitoci sun jima da sanin cewa sankarar mama ta fi son ƙashi da huhu da hanta da ƙwaƙwalwa idan za ta bazu, amma dalilin bai fito sarai ba. Su sai suka gano cewa furotin ɗin da ake kira intagirin, da ke jikin eksosom, suna da hannu wajen zaɓen inda jakar za ta sauka: masu α6β4 da α6β1 sun fi nufar huhu, masu αvβ5 kuma hanta. Jakunkunan suna riga ƙwayoyin sankarar isa, su canza yanayin wurin yadda zai karɓe su. Idan wannan ya tabbata a mata masu yawa, wata rana likita zai iya duba jini ya san gaɓar da ya kamata ya fi sa wa ido. An kuma nuna a Italiya a 2012 cewa ƙwayoyin sankarar da ke da HER2 da yawa (furotin ne da ke ingiza ƙwaya ta hayayyafa) suna fitar da eksosom masu HER2, waɗanda ke kama trastuzumab, maganin da ake yaƙar irin wannan sankarar da shi, su rage masa ƙarfi.

To me ya hana abin isowa asibiti? Na farko, tacewa. Mafi yawan jakunkunan da ke cikin jini daga ƙwayoyin jinin kansu suke, na sankara kaɗan ne ƙwarai, musamman a farkon cuta, lokacin da aka fi bukatar gwajin. Kamar tsintar tsabar gero ce a buhun dawa. Hanyar da aka saba ita ce juya jinin a na'ura mai ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 100,000, na tsawon sa'o'i, kuma duk da haka ƙwayoyin kitse na jini suna biyo su. Ɗakin bincike biyu za su tace jini ɗaya da hanya daban su sami sakamako daban. Shi ya sa ƙungiyar masu binciken wannan fanni ta duniya ta fitar da ƙa'idojin aiki a 2014, ta sabunta a 2018 da 2023. Furotin glypican-1 misali ne: a 2015 an yi ta murna da shi a matsayin alamar gano sankara a jikin eksosom, amma waɗanda suka maimaita aikin daga baya bakinsu bai zo ɗaya ba.

Na biyu, lissafi. A ce cikin mata 1,000 guda 5 ne ke da cutar, gwajin kuma yana kuskure a kashi 5 cikin ɗari na masu lafiya. Mata kusan 50 ke nan za a tayar wa hankali a banza. Yawancin binciken eksosom an yi su ne da mutane kaɗan waɗanda an riga an san suna da cutar, kuma akasari ba 'yan Afirka ba, alhali nau'in sankarar da ba ta da ER da PR (furotin masu karɓar sinadaran hormone na mata) da HER2 ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma a kan Turawa. Ko gwajin jini na CA 15-3 da ake yi a ɗakunan gwajinmu, don bin diddigin wadda ake yi wa magani ne, ba ya tabbatar da cuta ko kore ta.

Game da Yaya, ki zaunar da ita. Ƙullutu da yawa a nono ba daji ba ne, amma tsoka ce kaɗai ke raba gardama. Da allura ake ɗiba bayan an kashe wurin, cikin mintuna, ta koma gida a ranar. Ɗibar ba ta sa cutar ta bazu. Mutane suna ganin haka ne don mata da yawa a Nijeriya sai cutar ta kai mataki na 3 ko na 4 suke zuwa, sai a ɗora wa allura laifin jinkiri. Idan sakamako ya nuna sankara ce, ku roƙi a gwada ER da PR da HER2 a kan wannan tsokar, don da su likita zai zaɓi maganin da ya dace da ita.