Faɗuwar gaba ta hana ni sakat, ya zan yi in rabu da ita?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Jekadafari nan Gombe, ɗinki nake yi a gida. Wallahi kullum gabana faɗuwa yake, waya ta yi ƙara sai in ji kamar mugun labari ne, kwastoma ta ce tana zuwa karɓar kaya sai ƙirjina ya hau dukan uku-uku ko da na gama ɗinkin, yanzu har kasuwa na daina shiga sai dai in aiki yaro ya sayo min zare. Dan Allah me zan sha abin nan ya tafi kwata-kwata?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah Ya yaye miki. Gaskiya babu maganin da zai cire fargaba ɗungurungum daga jikin ɗan Adam, kuma ko akwai ba zan so ki sha ba, don ita ce ke sa ki fizgo yaro daga gaban mashin kafin ma ki yi tunani. Jiki ne ke sakin wani sinadari, adirenalin, sai zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, tafin hannu ya jiƙe. Naki dai yana tashi ne ko babu haɗari. Kuma ba ke kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba.

Maganar daina shiga kasuwar nan ita ta fi damuna. Duk ranar da kika aiki yaro za ki ji sanyi a ranki, amma sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ai da kin je da wani abu ya same ki, gobe tsoron ya ƙaru, a haka a haka har ki ga ko biki ko gaisuwar mutuwa kin kasa zuwa. To ki koma, a hankali. Ki fara da shagon bakin layi, jibi ki shiga kasuwar da safe kafin cunkoso, ki sayi zarenki gaban yana faɗuwar, kar ki jira sai ya daina. Idan ya taso ki tsaya, ki ja numfashi ta hanci ki sake shi a hankali, sakin ya fi jan tsawo. Yawanci cikin mintuna kaɗan yake kai ƙarshen ƙarfinsa ya fara sauka da kansa.

Ki rage goro da shayi mai kauri da kofi musamman da yamma, suna ƙara bugun zuciya. Ki riƙe addu'ar da Annabi (SAW) ya koyar, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, ki kuma gaya wa maigidan halin da kike ciki, riƙe shi ke kaɗai nauyi ne.

Sai dai tunda abin ya fara taɓa sana'arki, ki daure ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe a duba ki, don ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo ma suna kawo irin wannan bugun ƙirjin. In ba su ba ne akwai likitocin ƙwaƙwalwa, ganinsu ba hauka ba ne, wani lokacin ma zaman tattaunawa za su sa miki ba ƙwaya ba. Dan Allah kar ki sayi diazepam, maganin nan na kwantar da hankali da sa barci, a kemis da kanki, jiki na saurin sabawa da shi.