Anti, wai damuwa ma ana gadonta ne?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Dan Allah ki taimaka min, ni dai kullum cikin faɗuwar gaba nake, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai zuciyata ta hau dukan uku-uku, ga ciwon kai ga rashin barci, al'adata ma ta rikice. Na je asibiti an yi gwaje-gwaje an ce lafiyata ƙalau. Abinda ke ɗaure min kai shine mamana ma haka take, ta sha baƙar wahala a hannun babanmu kuma a gabanmu ake komai, an ce kakata ma haka ta yi fama. Wai gado ne ko me?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Eh, ana iya gada, amma ba kamar yadda ake gadon tsawo ko hasken fata ba. In mutum ya tsorata jikinsa na sakin sinadaran adrenaline da cortisol don ya gudu ko ya kare kansa, in abin ya wuce sai su lafa, to yarinyar da ta tashi tana kasa kunne ta gane daga takun babanta ko yau akwai rigima, ita nata basa samun lafawa, haka zata girma jiki a ɗarare. Cortisol ɗin nan in ya daɗe sama yana hana barci, yana taɓa hawan jini, yana kuma rikita sinadaran da ke tafiyar da al'ada.

A 1998 an fara fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum sama da 17,000, aka ga waɗanda suka fi shan wuya a yarinta sun fi kamuwa da ciwon zuciya da ciwon damuwa bayan sun girma. Tun daga ciki ma abin kan fara, jariran da ke cikin iyayensu lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945 sun fi saura samun ciwon suga daga baya. Amma ni a ganina naki yafi alaƙa da abinda idonki ya gani.

Ki koma asibiti ki tambaya ko sun duba miki thyroid (wata 'yar halitta ce a wuya mai sakin sinadarai, ita ke kumbura ta zama maƙoƙo) da ƙarancin jini, don suma suna kawo bugun zuciya. Sannan ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, ba wai hauka ake nufi ba fa, ki faɗa masa tarihin gidanku kaf kada ki tsaya kan ciwon kai kawai, akwai maganin da ake yi ta hanyar zama ana tattaunawa kuma yana aiki. In kuma kin taɓa jin kamar ki illata kanki, kada ki jira sai gobe, yau ɗin nan ki je.