Amsa ga mai son shimfiɗa ciyawar roba a bayan gida

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce kana da fili a bayan gida, mita 12 tsawo, mita 8 faɗi, kana son ka shimfiɗa ciyawar roba don yara su daina fita titi buga ƙwallo, kuma kana tambaya ko za ta jure zafin Katsina, ko kuma za a iya ɗora ta kai tsaye a kan ƙasa. Nawa filin ya ɗan fi naka ƙanƙanta, a nan wajen Ƙofar Ƙaura, shekara huɗu ke nan. Sau biyu na yi aikin, na biyun ne ya zauna, don haka bari in faɗa maka inda na ci ƙasa.

Karon farko wani mai aikin intalok na ba kwangilar. Ya ce ai abu mai sauƙi ne. Aka share wurin, aka zuba marmara tipa ɗaya, leburori suka tattake da ƙafa da guntun katako, aka shimfiɗa ciyawa aka buga ƙusoshi. Ranar kam kowa ya zo sai ya ɗauki hoto. Da ruwan Agusta ya sauka sai asiri ya tonu. Tsakiyar filin ta lotsa kamar kwano, ruwa ya kwanta kwana biyu, ga warin ruɓa, ga mahaɗar, wato inda shafukan ciyawar suka haɗu, ta buɗe baki har ƙaramin ɗana ya sa yatsan ƙafa a ciki ya kifa. Na kira mutumin, ya ce laifin damina ne.

Ciyawar kanta tana da ƙananan huji a bayanta inda ruwa ke zurarewa. Amma in abin da ke ƙarƙashi ba ya shan ruwa, ina zai je? Marmara in ta daɓu ba ta barin ruwa ya ratsa da wuri, in kuma ba ta daɓu ba sai ta zauna. Shi ya sa a karo na biyu muka haƙe ƙasar kamar santimita 15, muka shimfiɗa wani farin ƙyalle mai kauri wanda ruwa ke ratsawa amma yake hana ƙasa haɗuwa da dutse, yana kuma rage tsirowar ciyayi. A kansa aka zuba fasasshen dutse irin wanda ake fasawa da inji, kamar santimita 10, aka bi da injin daɓe, wanda ake turawa yana karkarwa. Kada ka yarda a ce maka hannu ya isa. Kakanninmu ma da suke daɓen ɗaki da makuba, yini guda mata ke yi suna duka, kuma ba ƙwallo za a buga a kai ba. Hayar injin ta yini ɗaya ba ta kai asarar da na yi ba. Daga nan sai garin dutse a sama, siriri, a baje shi da dogon katako ya yi sumul.

Gangara ita ce abin da magina ke mantawa. Kowace mita ɗaya a sauke santimita ɗaya, wato a faɗin filinka na mita 8, gefe ɗaya zai fi ɗayan ƙasa da santimita 8. Ido ba zai gani ba, ƙwallo ma ba za ta damu ba, amma ruwa zai bi ya faɗa lambatu. Ka duba indararon gidanka, in yana zuba a wurin ka karkatar da shi tun yanzu. Ni kafin a shimfiɗa ciyawa sai da na sa mai ruwa ya juye kura biyu a kan daɓen muna tsaye muna kallo. Wuri ɗaya ya tara ruwa, aka cike aka sake daɓewa.

Wajen saye, tana zuwa a naɗe, yawanci faɗin mita 2 ko mita 4. Ka nemi mai mita 4, shafi biyu masu tsawon mita 12 sun rufe maka filin da mahaɗa ɗaya tak. Gashin yana da inda ya kwanta, to shafukan biyu su fuskanci waje guda, in ba haka ba rabin fili zai fito da duhu, rabi da haske. A baza ta a rana ta saki jiki kafin a yanka. Mahaɗar kuma da tef ɗinta da gam ɗinta na musamman ake haɗa ta, ba gam ɗin masu gyaran takalmi ba. Ciyawar da ake sa wa manyan filayen ƙwallo gashinta kan kai milimita 40 zuwa 60. Ta adon farfajiya da ake gani a wuraren biki laushi gare ta, amma in yara goma suka yi wata uku a kanta sai ta kwanta kamar tsohuwar darduma. Ka sa hannu ka fizgi gashin a gaban mai kaya, in ya biyo ka, ka bar masa abinsa. Ka kuma tambaya ko an yi mata maganin hasken rana, don marar shi takan kode ta fara farfashewa. Kuɗi dai dala suke bi, abin da na biya a lokacin ba zai amfane ka ba yau.

Maganar zafi, gaskiya ita ce tana ɗaukar zafi sosai. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, saman robar na iya wuce digiri 60 da tsakar rana. Babu mai taka ta ba takalmi daga hantsi har la'asar. Mu bayan La'asar ake yayyafa mata ruwa, a jira kaɗan, sai wasa har kiran Magariba. Saboda haka ne ma ban sa baƙin garin tayar nan da ake barbaɗawa a manyan filaye ba. Yana ƙara zafi, yana bin safa har cikin ɗaki, uwargida ba za ta yafe maka ba. Tarayyar Turai ma a 2023 ta yanke cewa za a daina sayar da shi daga 2031. Busasshen yashi tankaɗaɗɗe muka zuba muka share shi ya shige tsakanin gashin, shi ke danne ta ya kuma tsayar da gashin.

Da hunturu ƙura ce abokiyar faɗa. Tsintsiyar roba mai tauri, a rinƙa sharewa ana tayar da gashin, ba ta inda ya kwanta ba, mako-mako. Kaskon wuta da mangal su yi nesa, garwashi ɗaya ya faɗi ya bar maka tabo baƙi har abada, nawa yana nan kusa da ƙofar kicin. Kuma ka ɗaura raga a saman katanga, kamar mita biyu ƙari. Kafin in sa tawa, a yini sai yaro ya yi sallama gidan maƙwabci sau biyar neman ƙwallo, har dattijon ya fara amsa gaisuwata da ƙyar.

In za ka fara, jira ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa ta bushe. Ragon layya kuma a nema masa wani turken, bara namu kwana uku kawai ya yi a kai, sai da muka yi mako muna wanki da omo.