Amsa: rediyon Honda Accord na nuna CODE bayan sauya batir

Malam, ka ce rediyon Accord ɗinka ƙirar 2005 ya daina aiki tun da aka sauya batir, yana nuna CODE kawai. Lafiyarsa ƙalau. Kariyar sata ce, da zarar wuta ta yanke masa sai ya kulle kansa.

Lambar da za ta buɗe shi tana da alƙaluma 5. Fara duba akwatin ajiya da ke gaban fasinja, sau da yawa akwai 'yar takarda manne a gefensa, ko kati a cikin littafin motar. Sai dai motocin tokumbo kan iso babu ko ɗaya.

Idan babu, murɗa makulli zuwa ACC (matakin da ke ba rediyo wuta ba tare da tada inji ba), rediyo a kashe, ka danne maɓallin 1 da 6 tare sannan ka kunna shi. Zai nuna U da alƙaluma 4, sai L da wasu 4. Haɗa su, lambar rediyon ke nan. Da ita da lambar VIN (lambar shaidar motar), dillalin Honda ko shafinsu na intanet zai fitar maka da lambar buɗewa. Amma fa idan an taɓa sauya rediyon, lambar da ke manne ba za ta yi ba.

Shigar da lambar buɗewar da maɓallan tasha 1 zuwa 6. In ka danna kuskure, ƙarasa biyar ɗin sannan ka sake daga farko. Kada ka yi ta cinke: bayan kuskure 10 sai ka bar shi a kunne awa ɗaya kafin ya sake karɓa.